Tsarabar Ɗan Birni

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ji masu iya magana. Tun da editan wannan mujalla tamu ya matsa mini a kan lalle in rubuto wani abu, sai na ga babu abin da ya fi dacewa in kawo gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu illa labarin wani laifi da na daɗe ina aikatawa, alhali kuwa ina zaton alheri nake yi. Irin laifin nan ne da in mutum ya aikata shi tsofaffi ke sa masa albarka, yara kuma su yi ta tsalle suna murna. Na kuwa tabbata da yawa daga cikin masu karanta wannan takarda abokan tarayyata ne a cikinsa, ko da ba su sani ba.

Ni mutumin karkara ne. Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Dambatta, arewa da birnin Kano, in ka bi hanyar Kazaure da Daura. Wanda bai taɓa zuwa yankinmu ba zai yi mamakin ganin babu daji ko kaɗan. Gona tana manne da gona, ƙauye yana hango ƙauye, kuma kowace shekara ƙasar da aka noma bara ita za a sake nomawa bana, da taimakon takin dabbobi da tokar murhu. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru tun daga wajen 1960 da 'yan kai yana nazarin wannan noma na kewayen Kano. Cikin abubuwan da ya lura da su har da yadda manomanmu ba sa sare itatuwa masu amfani, sai su bar su tsaye a tsakiyar gero da dawa. To, waɗannan itatuwa su ne kantin alawarmu lokacin da muke yara.

Kowane zaƙi da lokacinsa. Da bazara ɗorawa ta nuna, sai ka ga bakin kowane yaro ya yi rawaya da garinta. Akwai lokacin ɗinya, akwai na kanya da magarya, ga goruba da za ka wuni kana gwaguya ba ka ci abin kirki ba. Da kaka a sha takanɗa da rake. In fatake sun kawo mazarƙwaila daga wajen Maƙarfi, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan sayi guda ɗaya a fasa mana da dutse. Abin sha kuwa na yau da kullum fura ce da nono, sai kunun tsamiya, da koko, da farau-farau in an dawo daga gona. Ba na cewa ba mu san sukari ba. Tun zamanin kakanninmu ake sayar da shi, har ma an kafa masana'antarsa a Bacita, cikin Jihar Kwara ta yanzu, a shekarun 1960. Amma a gidanmu a cikin adaka yake kwana, kuma Inna ce kaɗai ke da mabuɗi. Lemon kwalba kuwa sai ranar Salla, kwalba ɗaya mu huɗu, kowa ya kurɓa ya miƙa, ana zura wa maƙogwaron mai sha ido kada ya wuce rabonsa.

Wannan kwaɗayi na ƙuruciya shi na taho da shi birni. Da na sami shiga jami'a, kuma na fara samun 'yan kuɗi ta hanyar koyar da yaran unguwa da yamma, sai na ƙudura a raina cewa yaran gidanmu ba za su yi irin marmarin da muka yi ba. Duk hutun da zan tafi gida, kafin in shiga mota sai na tsaya na sayi lemon roba dozin guda, da na kwali wanda ake tsotsa da tsinke, da kuma garin nan na leda da ake damawa a ruwa. In na sauka daga babur a ƙofar gida, kafin in gama sallama yara sun kewaye ni suna "Baffa ya zo! Baffa ya zo!" Wallahi, in faɗa muku gaskiya, daɗin da nake ji a wannan lokaci ya fi wanda su suke ji.

A cikin yaran akwai 'yar yayana, wadda aka sa wa sunan mahaifiyarmu. Saboda alkunya ba mai kiran sunanta a gidan, Inna Ƙarama ake ce mata. Ita ce 'yar gaban goshin kakarta. Duk abin da na kawo, Inna takan ɗebe kaso mai tsoka ta ɓoye a ƙarƙashin gado, ta riƙa ba takwararta kaɗan-kaɗan. In ta yi kuka a ba ta, in ta ƙi cin tuwo a ba ta, in za ta kwanta barci ma a zuba mata a ɗan kofinta ta tsotsa har barci ya ɗauke ta. In tsarabata ta ƙare, ga shago nan a bakin masallaci, wanda ya sami firiji mai aiki da hasken rana, ga kuma zoɓon da mahaifiyarta ke yi na sayarwa. Tun ba a yaye ta ba ta san ɗanɗanon waɗannan abubuwa.

Da Babbar Sallar 2022 na je gida na tarar da yarinyar, tana da shekara huɗu a lokacin, kumatunta ɗaya ya kumbura, kwana uku ba ta barci, ba ta kuwa bari kowa ya yi. Nama ya cika gida amma ko romo ba ta iya sha sai da kuka. An ce tsutsar haƙori ce, an yi turare, an sa kanumfari, an karɓo rubutu, abin sai gaba yake yi. Da na ɗaga leɓenta na sama na duba, sai da gabana ya faɗi. Haƙoranta huɗu na gaba sun yi baƙi sun guntule kamar gawayi, can ciki kuma ga rami a turame biyu. Da ƙyar na shawo kan Yaya ya yarda muka ɗauke ta zuwa birni, domin a ganinsa haƙoran nono ne, ko an jima ko an daɗe zubewa za su yi.

Likitar haƙorin da ta duba ta, wata baiwar Allah mai haƙuri, ba ta fara da magani ba. Tambaya ta fara yi, ta ce, "Me yarinyar nan take sha, kuma sau nawa a rana?" Yaya ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Daga nan ta yi mana bayanin da har yau yana cikin kunnena. Ta ce a bakin kowane mutum akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama a jikin haƙori. Abincinsu sukari ne, in sun ci kuma sai su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke cin ɓawon haƙori. Yawu yakan wanke wannan tsami ya gyara ɓarnar, amma sai an ba shi lokaci. Yaron da ke kurɓar zaƙi safe da rana da dare bai ba yawunsa wannan lokaci ba, balle wanda ya yi barci da zaƙi a baki, domin da dare yawu raguwa yake yi. Ta ƙara da cewa ɓawon haƙoran nono bai kai na manya kauri ba, shi ya sa suke saurin lalacewa.

Yaya ya kawo maganarsa ta cewa ai za su zube. Ta ce gaskiya ne, haƙoran nono ashirin ne kuma duk za su fita, amma turamen ciki sukan kai shekara goma zuwa sha biyu kafin su faɗi, su ne kuma ke riƙe wa na dindindin gurbi. Daɗin daɗawa, turmin farko na dindindin yakan tsiro tun yaro yana wajen shekara shida, watau zai fito ne a tsakiyar ruɓaɓɓu, cikin bakin da ya saba da zaƙi. A ranar aka cire wa Inna Ƙarama turmi ɗaya. Ni na riƙe mata hannuwa. Tana kuka tana kiran "Baffa, Baffa," tana neman in cece ta, ba ta san cewa mai riƙe da ita yana cikin waɗanda suka kai ta kan wannan kujera ba.

Da na koma makaranta na kasa sukuni, sai na shiga binciken abin da masana suka faɗa. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, har da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a rana, in ma an iya a mai da shi ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga babban mutum, kashi 5 ɗin nan wajen giram 25 ne, watau ƙaramin cokalin shayi shida. Hukumomin lafiya na Ingila sun ce yaro ɗan shekara huɗu zuwa shida kada ya wuce giram 19 a rana. A shekarar 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce yaron da bai cika shekara biyu ba kada a ba shi abin sha mai sukari sam. Sai na ɗauko kwalbar lemo na karanta ɗan rubutun da ke jikinta, wanda shekara da shekaru ban taɓa kula da shi ba. Wajen giram 10 ne a kowane mililita 100. Ke nan kwalba mai santilita 35 tana ɗauke da wajen giram 35, kusan cokali tara, roba mai rabin lita kuwa ta haura cokali goma sha biyu. Ashe robar da nake miƙa wa yarinya 'yar shekara huɗu ina murmushi ta ninka rabonta na yini fiye da sau biyu.

Ba haƙori kaɗai abin ke taɓawa ba. Cikin yaro ƙarami ne, in ya cika shi da ruwan zaƙi kafin a sauke tukunya, ba zai dubi tuwo da miyar kuka ba, balle wake ko ƙwai. Ga shi kuwa lemo ba shi da abin gina jiki ko kaɗan. A ƙasa irin tamu, inda tamowa ba baƙuwa ba ce, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Sannan harshen da ya tashi da zaƙi da wuya ya rabu da shi, kuma bincike a ƙasashe da dama ya nuna yawan shan irin wannan abin sha yana ƙara haɗarin ƙiba da ciwon sukari in an girma. Akwai kuma wata al'ada da ta yaɗu a ƙauyukanmu, ta ɗura wa yaro lemo in yana gudawa, wai don ya sami ƙarfi. Alhali yawan sukarin yana janyo ruwa zuwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru. Ruwan gishiri da sukari da ma'aikatan lafiya ke koyarwa cokali shida ne kacal na sukari da rabin cokali na gishiri a cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, lita guda ta lemo kuwa tana da wajen cokali ashirin da biyar.

Da hutu ya zagayo na tafi gida hannu rabbana, sai 'yar takarda cike da lissafi. Yaran da suka tarye ni suka dubi jakata, suka dubi juna, suka watse. Bayan sallar isha'i na shiga ɗakin Inna, na roƙi aron cokali da faifai, na auna sukari cokali tara na tara a gabanta. Na ce, "Inna, kin ga abin da ke cikin kwalba ɗaya." Ta haska fitila ta daɗe tana kallo, ta ce, "Kai, ɗan nan, ji tsoron Allah. Ai ko kunun gidan nan duka ba na zuba masa wannan." Sai na ga na sami ƙofa, na shiga zuba bayani kamar mai gabatar da takarda a gaban malamai, ina Hukumar Lafiya ta ce kaza, likita ta ce kaza, har na kai ga cewa ita ce ke ɓata yarinyar.

Inna ta bar ni har na gama. Sannan ta ce, "To, Malam, na ji karatunka. Amma ina da tambaya ɗaya. Wa ya fara kawo abin nan gidan nan da yawa haka?" Na yi shiru. Ta ce, "Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Ni ban san boko ba. Na ga ɗana mai ilmi ya ɗauko abu tun daga birni, a cikin leda mai ƙyalli, na ce lalle wannan abin kirki ne, na ba wadda na fi so. Da guba na san shi, da na ba takwarata?" Ta ɗan numfasa, ta ƙara da maganar da ta fi kowace zauna mini. Ta ce, "Yanzu ka hana. To, in ta zo ɗakina me zan ba ta? Ni tsohuwa, ba gudu zan yi da ita ba, ba karatu zan koya mata ba. Ɗan abin da nake miƙa mata shi ke kawo ta."

A daren nan na gane cewa lissafin cokali bai isa ba. Lemo a ƙauyenmu ya riga ya zama harshen da ake faɗin ƙauna da girmamawa. Baƙon da aka kawo wa kwalba ya san an karrama shi, wanda aka kawo wa fura kuwa sai ya ga kamar an raina masa. Mai jego lemo ake kai mata, majinyaci lemo, ranar suna da biki kuwa da yawan kiret ake auna arzikin mai gida. Wanda duk ya ce a bar wannan abu, dole ya kawo abin da zai maye gurbinsa a hannun kaka da mai masaukin baƙi, in ba haka ba rowa kawai za a ce ya koyo a jami'a.

Darasi na biyu daga matar Yaya na same shi. Ni a lokacin na ɗauka cewa abin kamfani shi ne mugu, namu na gargajiya kuwa lafiya lau. Sai wata safiya na zauna ina kallonta tana haɗa zoɓon sayarwa. Na ga irin sukarin da ta juye a bokiti, na ce ta dakata, na kai shi wurin mai shago aka ɗora a sikeli. Kilo biyu ne, bokitin kuwa mai lita ashirin. Duk wanda ya iya lissafin firamare zai ga giram 10 ke nan a kowane mililita 100, daidai wa daida da na kwalba. Na ce mata ta rage rabi. Ta yi dariya ta ce, "Ɗan boko, kai za ka saya in ya yi kwantai?" Duk da haka ta gwada, don ta huta da surutuna. Ranar nan rabin zoɓon ya dawo gida, yaran makarantar allo suka koma wurin maƙwabciyarta. Da ribar zoɓon nan take sayen sabulu da gishiri, take zubin adashi. Na biya ta asarar ranar daga aljihuna, kuma na koyi cewa wa'azin da zai taɓa tukunyar mutum sai an yi shi da lura.

Wani zai ce ai wannan aikin hukuma ne. Hukuma ta taɓa yunƙurawa. A Dokar Kuɗi ta 2021, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ranar ƙarshe ta wannan shekara, an ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai sukari da kamfanoni ke yi. Ƙasar Meziko ta riga mu tun 2014, kuma a shekarar farko sayen irin wannan abin sha ya ragu da wajen kashi 6 cikin 100. Ingila da Afirka ta Kudu sun bi sahu a 2018, su kuma gwargwadon yawan sukarin suke karɓar harajin, abin da ya sa kamfanoni da yawa a Ingila suka rage sukarin da kansu. Amma Naira 10 a lita, in ka raba, Naira uku da rabi ke nan a kwalba, kuɗin da ko canjinsa ba a bayarwa a kasuwar Dambatta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai harajin ya ɗaga farashi da wajen kashi 20 cikin 100 kafin a ga tasirinsa sosai. Bugu da ƙari, babu ma'aikacin haraji da zai leƙa bokitin matar yayana, ko kofin mai shayi, ko ƙarƙashin gadon Inna. Waɗannan wurare sai ɗan gida.

Saboda haka muka koma bin abin sannu a hankali, kuma ba ni na tsara yawancinsa ba, matan gidan ne. Matar Yaya ta ce in dai ragewa za a yi, to kada harshe ya farga. Ta riƙa rage ludayi ɗaya duk bayan mako biyu, tana ƙara citta da kanumfari da ɓawon abarba don ƙamshi. Na sayarwa ta tsaya a inda ta ga ciniki ba zai gudu ba, na gida kuwa, wanda take ɗiba kafin ta zuba sukari, ya sauko ƙasa da rabi. Aka yi doka cewa jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa kaɗai, wanda bai kai shekara biyu ba kuma ba lemo ba zoɓo. Sauran yara in za su sha zaƙi, to tare da abinci, ba a bakin barci ba, kuma a kurkure baki bayansa. Aka sayo buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, manya kuma da ma ba su rabu da asuwaki ba. Randar ruwa ma sai da muka gyara, muka sa mata murfi da moɗa mai mariƙi, domin Yaya ya faɗi wata gaskiya, cewa wani lokaci tsoron ruwan rijiya ke sa uba ya saya wa ɗansa na kwalba. Tsadar kaya da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ita ma ta taya mu, don sukari ya yi tashin da kowace mai zoɓo sai da ta sake lissafi.

Inna kuwa ita ta samo wa kanta mafita. Ta koma gasa gyaɗa, tana ajiye aya da goruba a cikin ɗan kwando, in an tatsi nono ta dama 'yar fura ta rufe da faifai. Ta kuma tono tatsuniyoyin da ta daɗe da binnewa. Takwararta ta yi mata yaji na kwana huɗu, tana wucewa ta ƙofar ɗakin tana murguɗa baki, a rana ta biyar Gizo da Ƙoƙi suka dawo da ita.

Kada mai karatu ya zaci mun ci gari. Da matar Yaya ta haihu a ƙarshen 2023, na ba da shawarar a yi suna ba kiret ko ɗaya. Yaya ya ce, "Kai gobe za ka hau mota ka koma birni, ni ne zan zauna da bakin mutane." Aka sayi lemo aka ba manyan baƙi a zaure, yara kuma aka dama musu fura a babbar ƙwarya. Duk da haka sai da wata gwaggonmu ta ce tun da yaron nan ya shiga jami'a hannunsa ya ƙanƙance. Na kuma ga 'yan yara suna bin bayan zaure suna tsotse ragowar kwalabe. Shagon bakin masallaci yana nan, firijinsa na aiki, kuma duk yaron da ya sami kuɗin Salla can ya nufa. Abin da kawai zan iya cewa shi ne, a cikin gidanmu lemo ya koma matsayin da na san shi ina yaro, na ranar Salla da ranar baƙi.

Ya 'yan'uwana ɗalibai, yawancinmu daga irin wannan ƙauye muka fito, ko daga Bichi, ko Makoɗa, ko Kunci, ko Minjibir, kuma ko mun sani ko ba mu sani ba, abin da muka riƙo a hannu ranar da muka je hutu fatawa ce a wurin mutanenmu. Suna cewa ai wane ya yi karatu, ba zai kawo abin banza ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, harshen yaro ma haka. Ba na cewa a je gida hannu sake, don na gwada na ga yadda fuskar yara ke yi. Kuɗin dozin ɗin lemo zai sayi lemon zaƙi na ɓarewa da ayaba a 'Yan Lemo, ko kankana, ko kifi busasshe da zai shiga miyar gida duka, ko littafi da fensir. In kuma za ku yi magana, ku fara da faɗin naku laifin kafin ku hau kan tsofaffi, kada ku sha irin kunyar da na sha a gaban faifan Inna.

Hutun da ya wuce na tarar Inna Ƙarama ta yi wawulo, baƙaƙen haƙoran nan na gaba sun zube, sababbi biyu sun fara leƙowa, farare tas. Ta zo da gudu ta buɗe mini baki tun kafin in ajiye jaka, wai in gani. Sannan ta zura hannu cikin jakar ta zaro lemon ɓarewa guda biyu, ta ce ɗaya nata, ɗaya na takwararta, ta ruga ɗakin Inna. Gurbin turmin da aka cire yana nan, kuma duk sanda ta yi dariya sosai ina hango shi.

Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, ya kuma ba mu ikon gyara abin da muka ɓata da hannunmu, amin. Haza wasalam.